Kunnen Ciki na Mota: Ra'ayina Game da Na'urar Jin Karkata

Wata safiya cikin hunturun da ya wuce, maƙwabcina ya fito zai kai 'ya'yansa makaranta, sai ya tarar da motarsa a inda ya aje ta, ƙofofinta a kulle, gilasanta lafiya lau, amma tana zaune a kan bulo huɗu ba taya ko ɗaya. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne motar tana da ƙararrawar tsaro wadda ya kashe kuɗi aka sanya masa. Wannan ƙararrawa ta sha hana mu barci a unguwa. Idan an yi tsawa sai ta yi kuka, idan babbar mota ta wuce sai ta yi kuka, idan akuya ta hau bonet don ta ci ganyen darbejiya nan ma sai ta yi kuka. Amma daren da aka zo da jak da sifana aka ɗaga motar a tsanake, ko tari ba ta yi ba.

Da ya koma wurin mai wayarin da ya yi masa aikin, sai aka ba shi shawarar ya ƙara wata 'yar na'ura da ke jin karkatar mota. Ya zo ya tambaye ni ko abin ya cancanci kuɗinsa. Na ce masa ni malamin ilimin halittu ne, ba injiniya ba. Sai dai da na zauna na duba yadda na'urar take aiki, na ga ashe darasin da nake koyar da 'yan aji biyu kowace shekara ne aka sanya wa rigar ƙarfe. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin tsoma baki. Ra'ayina shi ne na'urar tana da amfani, har ma ta fi wadda akasarin masu motoci a Katsina suka dogara da ita, amma da sharuɗɗan da masu sayar da ita ba su cika faɗa wa mai saye ba.

Bari mu fara da abin da ya sa ƙararrawar maƙwabcina ta yi shiru. Ƙararrawar mota da aka saba da ita tana sauraren abubuwa biyu ne. Na farko, buɗe ƙofa ko bonet ko but. Na biyu, girgiza, wato bugu ko dukan da ke sa jikin mota ya yi rawa na ɗan lokaci. Ɓarawon taya ba ya buɗe ƙofa, kuma idan ya iya sana'arsa ba ya bugun komai. Yana sassauta noti a hankali, ya ɗaga jak a hankali. Haka shi ma wanda ya zo da janwe ya ɗaga gaban mota ya ja ta gaba ɗaya, da wanda ya shiga ƙarƙashi don ya yanke tukunyar tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, wadda ake nema saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta irin su filatinam. Abu ɗaya ne waɗannan mutane ba za su iya ɓoyewa ba: muddin suka ɗaga motar, dole ta karkata.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ina so ɗaliban babbar sakandare su ɗauki biro su bi ni. Tsakanin tayar dama da ta hagu a ƙaramar mota akwai kimanin mita 1.5. Idan aka ɗaga gefe ɗaya da santimita 10, motar ta karkata da kusan digiri 4. Karkatar digiri 1 kuwa tana faruwa ne da zarar an ɗaga gefen da santimita 2.6 kacal. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san cewa sai an ɗaga jikin mota sosai kafin taya ta bar ƙasa, domin sifirin yana miƙewa ya bi ta. Ke nan na'urar da aka saita a kan digiri 1 ko 2 za ta yi kuka tun kafin a zare tayar farko.

To, ta yaya abu marar rai zai san cewa ya karkata? A nan ne malamin halittu yake da ta cewa, domin halittu sun riga injiniyoyi warware wannan matsala.

Mai karatu, rufe idonka ka kwantar da kanka a kafaɗar dama. Ba ka ganin komai, amma ka san kanka ya karkata, ka kuma san ɓangaren da ya karkata. Wanda ya gaya maka yana can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne. A kowane kunne akwai wasu 'yan jakunkuna biyu, masana na kiransu yutirikil da sakiyul. A cikin kowace jaka akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a tsaye, an lulluɓe gasun da wani abu mai danƙo kamar kunun da ya kwana, a samansa kuma an barbaɗa ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya iya rarrabewa. Sinadarin tsakuwoyin shi ne na ɓawon ƙwai, shi ne kuma na dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Da yake tsakuwar ta fi ruwan da ke kewaye da ita nauyi, da zarar kai ya karkata sai ta zame zuwa gangare, ta ja danƙon, danƙon ya lanƙwasa gasun, su kuma su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Kusa da jakunkunan akwai wasu bututu uku masu kama da zobe, cike da ruwa, waɗanda aikinsu jin juyawa ne. Su ne ke sa yaro jiri bayan ya yi hajijiya, domin ya tsaya amma ruwan bai tsaya ba. Wani likita ɗan Ostiriya, Robert Bárány, ya sami kyautar Nobel ta shekarar 1914 a kan binciken wannan sashe na kunne, kuma labarin kyautar ya same shi ne yana tsare a matsayin fursunan yaƙi a hannun Rasha.

Gwajin da na fi so a duk wannan fanni shi ne wanda Alois Kreidl ya yi a 1893. Jatan lande yana da irin wannan jaka a gindin ƙahonninsa na ji, sai dai shi ba ya ƙera tsakuwarsa, yashi yake tsinta ya cusa a ciki. Duk lokacin da ya yi saɓa sai yashin ya tafi tare da tsohon ɓawo, dole ya nemi sabo. Kreidl ya jira dabbar ta yi saɓa, sai ya aje ta cikin ruwan da babu yashi sai garin ƙarfe. Ta ɗiba ta cusa. Da ya kawo maganaɗisu kusa da ita, sai ta riƙa karkata jikinta, domin ƙarfen da ke cikin jakar ya bi maganaɗisu, ita kuma ta ɗauka ƙasa ce ta sauya wuri. Zan yi amfani da wannan dama in roƙi malamai 'yan'uwana mu daina kiran ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa da sunan "maganaɗisun ƙasa". Abubuwa biyu ne daban. Maganaɗisu ba ya jan mangwaro, amma mangwaro yana faɗowa. Mu ce ƙarfin jan ƙasa, mu huta.

Hatta tsirrai ba a bar su a baya ba. Manomi ya san ko ta yaya ƙwayar gero ta faɗa rami, saiwa ƙasa za ta nufa, tsiro kuma sama. Ya kuma san idan iskar damina ta kwantar da dawa, bayan 'yan kwanaki sai karan ya lanƙwaso daga gaɓa ya sake ɗaga kai. A 1806 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Knight, ya ɗaura tsirrai a jikin wili mai juyawa da sauri, sai saiwoyin suka nufi waje, kawunan suka nufi tsakiya, abin da ya nuna cewa saiwa tana bin duk inda nauyi ya rinjaya ne. A 1900 Haberlandt da Nemec, kowannensu a nasa binciken, suka nuna cewa a cikin ƙwayoyin halittar da ke kan saiwa akwai dunƙulallen sitaci mai nauyi da ke gangarawa ya kwanta a gefen da ke ƙasa. Da mutum da jatan lande da dawa, dabarar ɗaya ce: a sami abu mai nauyi da zai iya motsawa, a kewaye shi da abin da zai ji inda ya kwanta.

Ita ma na'urar mota haka take. Mafi sauƙinta ɗan bututu ne da ƙwallon ƙarfe a ciki, idan ya karkata ƙwallon ya gangara ya haɗa wayoyi biyu, wuta ta bi. Akwai mai lilo, wadda ba ta da bambanci da igiyar da magini ke ɗaura wa ƙarfe don ya ga ko bango ya miƙe. Ta zamani kuwa wani ɗan ƙwaya ne na silikon da bai kai ƙwayar wake ba. A cikinsa an sassaƙa wani ɗan nauyi da ke rataye a kan sifirin da ya fi gashi siranta, da 'yan yatsu kamar haƙoran matsefi da suka shiga tsakanin waɗansu haƙoran da ba sa motsi. Idan aka karkata shi, nauyin ya matsa kaɗan, tazarar da ke tsakanin haƙoran ta sauya, adadin cajin lantarkin da suke iya riƙewa ya sauya, ƙaramar kwamfuta ta mayar da sauyin zuwa digiri. Kamfanin Analog Devices na Amurka ya fara ƙera irin wannan da yawa a 1993 domin jakar iskar da ke kare direba a lokacin haɗari. Yau irinsa ne a cikin wayar hannu, shi ke juya hoto idan ka kwantar da ita.

Sharaɗina na farko ya shafi wani tsohon nau'i da ban ambata ba, wato mai zaiba. Kwalba ce ƙarama da ɗigon zaiba a ciki maimakon ƙwallon ƙarfe. Tana aiki da kyau, tana da araha, kuma ina roƙon kowa ya guje ta. Zaiba guba ce. Idan kwalbar ta fashe a cikin motar da ke rufe a ranar Afrilu ta Katsina, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, tururinta ne za a shaƙa, shi kuwa yana lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da ƙoda. Duniya ta koyi darasin zaiba a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dagwalonta a teku, mutane suka ci kifin suka nakasa, da yawa suka mutu. Yarjejeniyar da aka sanya wa sunan garin, wadda aka sa wa hannu a 2013 ta kuma fara aiki a 2017, ta tsayar da 2020 a matsayin wa'adin daina ƙera akasarin makunnai masu zaiba da cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya na cikinta. Amma tsofaffin suna nan. Motoci da yawa ƙirar Amurka da aka yi kafin 2003 suna da irin wannan makunni a fitilar bonet da ta but, kuma mun san inda tsofaffin motocin duniya suke ƙarewa: a garejinmu, daga nan sai hannun yaran da ke sana'ar gwangwan, waɗanda ke fasa komai da guduma ba safar hannu.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi damuna, kuma shi ma daga ɗakin gwajin halittu ya fito. Kowace dabba tana da halin da muke kira sabo. Idan abu ya yi ta faruwa ba tare da wani sakamako ba, sai jiki ya daina kula shi. Yaran da suka taɓa korar tsuntsaye a gonar gero sun san cewa mutum-mutumi da gwangwanayen da aka rataya suna aiki ne kwana biyu ko uku, daga nan sai jan-baki ya sauka a kan hular mutum-mutumin ya huta. Eric Kandel, wanda ya sami kyautar Nobel a 2000, ya bi diddigin abin har cikin jijiya. Ya yi aiki da wani dodon koɗi na teku marar ƙoƙo, wanda ke janye matsarkin numfashinsa idan an taɓa shi. Idan aka yi ta taɓawa ba cutarwa, sai ya daina janyewa, domin jijiyar da ke kawo saƙo ta rage sinadarin da take fesa wa ta gaba da ita. Dabbar ba ta yanke shawarar yin biris ba, jikinta ne ya rage murya.

Mu ma haka muke. Ƙararrawa ba ta kama ɓarawo, mutane take kira su kama shi. Je ka Babbar Kasuwa ko bakin titin Ƙofar Ƙaura da rana ka tsaya ka lura: mota za ta yi ta kuka, mai shayi bai ɗaga kai ba, mai gadi bai tashi daga benci ba. Ba mugunta ba ce, sabo ne. Na tabbata ko da ƙararrawar maƙwabcina ta yi kuka a daren nan, da yawanmu juyawa za mu yi mu ja bargo, mu ce akuyar nan ce kuma. Saboda haka duk wanda ya bar ƙararrawarsa tana ƙarya, ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya toshe kunnen unguwa ne ga motar kowa. Shawarata ga mai son ƙara na'urar jin karkata ita ce, a ranar da za a sanya ta a kuma rage kaifin mai jin girgiza, ta yadda tsawa da wucewar tirela ba za su tayar da ita ba. Idan ba haka ba, an ƙara wa maƙaryaci baki na biyu ne kawai.

Ita ma sabuwar tana iya ƙarya idan ba a lura ba, kuma ya kamata a faɗi gaskiya. Ka tuna santimita 2.6 ɗin nan. Tayar da ta taka ƙusa tana sacewa cikin dare za ta iya sauke gefen mota fiye da haka. A watan Agusta, motar da aka aje a lungun da ba kwalta, ƙasa ta jiƙe, tana iya nutsewa ta gefe ɗaya. Zafi ma yana ɗan gusar da awon na'urar silikon idan ba mai kyau ba ce. Masu ƙira suna magance wasu daga cikin waɗannan ta hanyar koya wa na'urar ta ɗauki yanayin da aka aje motar a matsayin sifiri duk lokacin da aka kulle, don kada gangare ya dame ta, ta kuma jira karkatar ta ɗore na 'yan daƙiƙu kafin ta yi kuka. Waɗansu kuma suna sa ta ta yi biris da sauyin da ke zuwa sannu a hankali. To, amma fa a nan akwai tarko. Na'urar da ta yafe wa taya mai sacewa za ta iya yafe wa ɓarawo mai haƙuri. Kunnenmu ma yana da wannan rauni: matuƙin jirgin sama da ke cikin gajimare yana iya karkata a hankali har ya yi nisa bai ji ba, shi ya sa ake horar da matuƙa su gaskata agogon da ke gabansu, su ƙaryata jikinsu. Babu saitin da zai kawar da kuskuren biyu a lokaci guda. Ni dai na fi son a saita ta a kan digiri 2, ta yi kuka jefi-jefi a kan gaskiya, da a saita ta a kan rabin digiri ta zama abin dariya.

Wani abokin aikina ya yi mini gardama cewa duk wannan ɓata kuɗi ne, domin abin da aka fi sata a mota a garin nan batir ne da madubi da ƙwaƙwalwar mota, kuma babu ɗayansu da ke bukatar jak. Ya ƙara da cewa wanda aka tare da bindiga aka karɓe masa makulli, wace na'ura ce za ta cece shi? Yana da gaskiya a duka biyun, kuma ba na so wani ya karanta wannan rubutu ya ɗauka ya sami laya. Ƙofa ɗaya ce take toshewa daga cikin ƙofofi da yawa. Amsata gare shi ita ce kuɗin taya huɗu da wilinsu ya ninka kuɗin na'urar sau da yawa, kuma wanda ya fi kowa bukatarta ma ba mai mota ba ne, mai babur ne. Babur a kan jakinsa na gefe yana jingine ne da kimanin digiri 10 ko fiye, kuma ba yadda za a yi a tura shi ko a ɗora shi a bayan a-kori-kura ba tare da an miƙar da shi ba. Ga ɗan acaɓa ko malamin firamaren da babur ne dukan jarinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun sanyawa, inda garin neman gira ake rasa ido. A ɗaure na'urar tamau a jikin ƙarfen mota, a kwance, ƙarƙashin kujera ko kusa da tsakiya. Na ga wadda aka bari tana reto a jikin wayoyi da salatif, wadda karkatar kanta take aunawa ba ta motar ba. A sa mata fis. Kada a bari kowa ya taɓa wayoyin jakar iska, waɗanda galibi rawaya ne. Motocin zamani kuma saƙonnin kwamfuta ke bi ta wayoyinsu, yanka ɗaya na ganganci yana iya jawo gyaran da ya fi tayoyin tsada. A kuma tambayi yawan wutar da take ci tana jira. A ce duka ƙararrawar tana jan miliamfiya 20, a kwana 30 ta sha fiye da amfiya-awa 14, kusan rubu'in batir mai 60. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, motoci da yawa a gidajen ma'aikata suna yin makonni a rufe da tamfol, don haka lissafin ya shafe mu. Kafin ka biya mai wayarin, ka kulle motar, ka ɗauko jak ɗinka ka ɗaga ta a gabansa, a hankali kamar yadda ɓarawo zai yi.

Ga malaman kimiyya na sakandare kuwa, ina ganin a nan akwai darasin da ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Ku sa ɗalibai su nemo bututun biro, da ƙwallon boris ɗin keke, da waya biyu, da batir da ƙwan tocila, su haɗa makunnin karkata da hannunsu, su auna da ma'aunin kusurwa digiri nawa yake kunnawa. A gefe guda su jiƙa takarda su jera ƙwayar masara a jikin kwalba, idan saiwa ta fito su kwantar da kwalbar, washegari su ga yadda saiwar ta lanƙwasa ta nufi ƙasa. Su yanke kan waɗansu saiwoyin da reza, kamar milimita ɗaya, su ga ko su ma za su lanƙwasa. Wanda gidansu ke da kaza ya riƙe ta da hannu biyu ya karkata jikinta dama da hagu a hankali, ya lura da yadda kanta ke tsayawa cak a wuri ɗaya. Malamin fiziks da na halittu su shiga ajin tare a ranar, ko da jadawalin makaranta bai tanadi haka ba.

Maƙwabcina dai ya sanya na'urar, irin ta silikon, aka kuma rage kaifin tsohuwar. Tun daga lokacin sau ɗaya ta yi kuka, wajen ƙarfe uku na dare, kuma gidaje huɗu suka fito da tocila. Tayar baya ce ta hagu ta taka ƙusa.